Abin da Tela Ya Gani

Litinin, 2 ga Yuni

An kashe mai kemis.

Na rubuta, na sake dubawa, har yanzu bai shiga kaina ba. Da rana tsaka, a cikin shagonsa, bayan kanta. Wata mata ce ta je sayen maganin tari, ta yi sallama sau uku ba a amsa ba, ta tura ƙofa. Ina zaune a teburina a barandar caji ofis na ji ihunta. An buge shi a ƙeya da wani abu mai nauyi. Ba a taɓa komai a shagon ba. Jaridarsa na kan kanta a buɗe.

Da safen nan ya gwada mini jini. Ya ce, "Sakatare, ya hau fa. Ka rage fushi da mutanen garin nan, su ba su ma san kana yi ba." Na ce masa ba na karɓar shawarar likitan da bai gama makaranta ba. Maganar ƙarshe ke nan da na yi masa.

Talata, 3 ga Yuni

An binne shi. Mutanen da ko gaisuwar kirki ba sa yi masa su ne suka fi kowa share hawaye. A duk garin nan shi kaɗai ne ke karanta jarida har shafin ƙarshe. Shi kaɗai nake iya yi wa magana ba tare da na rage mata tsawo ba. Yanzu kuma sai wa?

Wai Sufeto ne zai gano wanda ya yi kisan. Ɗan ƙanwata, wanda ni na riƙe hannunsa ya koyi rubuta sunansa. Ya zo har teburina ya ce, "Kawu, gobe ka zo da wuri, kai za ka rubuta bayanan shaidu. Rubutun yaran nan ko su kansu ba sa iya karanta shi."

Shekara ashirin da bakwai ina magatakarda a babbar kotu. Aka ɗora mini wani da ba ya iya haɗa jimla biyu, na yi ƙorafi, aka yi mini ritaya. Ga ni yau a baranda, a kujerar da ɗan ƙanwa ya ba ni don tausayi, ina rubuta wa mutane ƙarar akuya ta ci shuka. To. Wannan karon dai aikin na gaske ne, kuma zan yi shi yadda ya kamata. Ko don marigayin.

Laraba, 4 ga Yuni

Shaida ɗaya tak: telan da shagonsa ke kallon kemis daga tsallaken titi. Ya shigo da hula a hannu, yana gaishe da kowa har da wanda ke tsare.

Minti arba'in yana magana. Abin da na riƙe: "Ranka ya daɗe, ni dai ina kan keke, kaina a ƙasa. Na ɗago in gyara zare, sai na ga mutum. Ko fitowa ya yi, ko tsaye yake a bakin ƙofar, wallahi ban... Dogo ne dai. Kamar wannan mai waldar. Kamar fa na ce. Fuska ban gani ba, ga yayyafi, ga idon nan nawa. Lokaci? Bayan azahar dai. Ko kafin... a'a, bayan." Daga nan ya shiga labarin wata mata da ta kawo masa yadi bai isa ba.

Irin wannan ba a kai wa kotu. Na zubar da shirmen, na fitar da maganar:

"Da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, ina zaune a shagona da ke fuskantar kemis, na ga mai walda ya fito daga ciki da sauri, ya ja ƙofar, ya nufi shagonsa."

Na karanta masa da murya irin ta kotu. Ya buɗe baki. "Kai! Ni na faɗi wannan?" Na ce kai ka faɗa, ni wanke shi kawai na yi. Ya ce, "Ilimi da daɗi," ya dangwala yatsa. Sufeto ya karanta sau biyu, ya ce, "Kawu, hannunka bai tsufa ba."

Na ji daɗin maganar. Ba zan ɓoye ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sun kamo mai walda. Kowa ya san sun yi faɗa da marigayin makon jiya, tartsatsin wutarsa ya ƙona rumfar gaban kemis. Mutum biyar sun ji shi yana cewa, "Sai na ga bayanka a layin nan." An sami guduma huɗu a shagonsa.

Ya ce tun safe yana shago shi kaɗai, yana haɗa ƙofar makaranta, fuskarsa a rufe da gilashin walda. Babu wanda ya gan shi, ƙarar aikin kawai aka ji, kuma babu mai iya cewa ƙarar ba ta taɓa tsayawa ba. Da za a wuce da shi ciki ya juyo ya ce mini, "Baba, ai ka san ni!" Na ce na san ka, marigayin ma na san shi.

Asabar, 7 ga Yuni

Matar mai walda ta zo gida wurin tsohuwa, mai ɗakina, da yara uku a bayanta. Na ji kukanta daga ɗaki, ban fito ba.

Bayan ta tafi tsohuwar ta shigo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, telan nan da ya ɗinka maka wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, shi ne ya gane mutum daga tsallaken titi, cikin ruwa?"

Na ce mata harkar shari'a ba hirar tsakar gida ba ce. Ta ce, "Haka ne, mai digiri," ta fita.

Litinin, 9 ga Yuni

An kai mai walda kotu, an tura shi gidan yari. Tuhumar kisan kai da gangan. Na san abin da ke ƙarshen wannan hanyar, na rubuta irin hukuncin da hannuna ba sau ɗaya ba. Igiya ce.

Gudumomin an duba, babu jini a ko ɗaya. Abin da ke riƙe da shi bayanin tela ne kawai.

Laraba, 11 ga Yuni



Na biyo ta layin kemis da yamma. Mutane sun cika gaban shagon tela, yana tsaye, tef a wuya, yana ba da labari. Na tsaya a baya. Sai na ji ya ce:

"Da misalin ƙarfe biyu da rabi na rana, ina zaune a shagona da ke fuskantar kemis, na ga mai walda ya fito daga ciki da sauri..."

Kalma bayan kalma. Har inda na ja numfashi da nake karanta masa, a nan shi ma ya ja. Mutumin da ko agogo ba ya ɗaurawa! Wani ya ce, "Ka tabbata shi ne?" Ya bugi ƙirji: "Da idona. Har gumin goshinsa na gani."

Gumin goshi. Mutumin da ya ce mini bai ga fuska ba.

Alhamis, 12 ga Yuni

Ban iya cin komai ba.

Juma'a, 13 ga Yuni

Na je na sami tela shi kaɗai. Ya share mini benci da hannun rigarsa.

Na ce, ka tuna ranar da ka zo ofis ka ce mini "kamar"? Ka ce ba ka ga fuska ba?

"Ni? Yaushe? Haba Sakatare, ai ga shi can a rubuce. Kai da bakinka ka karanta mini."

Na ce abin da na karanta maka ba shi ne abin da ka faɗa ba.

Ya yi dariya, ya ɗauka gwada shi nake yi. "Kai dai ka iya wasa. In ban faɗa ba ya za a yi ka rubuta? Mutum kamarka?"

Na dube shi sosai. Na yi shekaru ina kallon maƙaryata a akwatin shaida, na san yadda idonsu ke yi. Wannan ba ƙarya yake yi ba. Ya gani. Yanzu kam ya gani, har da sauri, har da jan ƙofa, kuma ni na sa masa shi a ido.

A lokacin wani ya tsaya a gaban kemis ɗin yana duba kwaɗon ƙofa. Na ce wane ne wancan? Ya ƙanƙance ido. "Direban tifa ne." Ƙanin marigayin ne, wanda ya girma a gabansa.

Na tashi ban yi sallama ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Na shiga ofishin Sufeto na rufe ƙofa na gaya masa komai. Da farko ya yi murmushi, can murmushin ya tafi.

"Kawu, ka san abin da kake faɗa kuwa? Fayil ya riga ya tafi. Shaida ya dangwala hannu, kuma yana nan a kan bakansa."

Na ce bakan nawa ne.

"To shekara huɗun da ka yi a barandar nan fa? Duk takardar da ta fita daga ofishin nan rubutunka ne. Ka buɗe baki yau, gobe kowane lauya ya zo ya tono nasa. Ni na kawo ka, ba da izinin kowa ba. Kakina za a cire mini, Kawu." Sannan ya sassauta murya. "Kuma ma wa ya ce ba shi ba ne? Ƙila tela ya ga daidai, kai kuma ka rubuta daidai."

Ƙila. Na ce masa irin wannan kalmar ce na cire.

Ya ce in je gida in huta, jinina ne ke damuna.

Laraba, 18 ga Yuni

Sufeto ya ce shekara huɗu. Bai lissafa ashirin da bakwai ɗin ba.

Alƙalai suna yabon rubutuna. Wani yakan ce in ya karanta abin da na ɗauka har ba ya bukatar ya tuna abin da ya ji a zaure. Ina alfahari da wannan, na sha faɗa wa mai kemis. Yau ina wanka wata mata ta faɗo mini a rai, shekara wajen ashirin ke nan. Ita da mijinta a kan matakala, ya faɗo ya mutu. Tana kuka tana cewa ba ta sani ba ko ta tura shi, ko riƙe shi ta je yi. Na tuna abin da ta ce sarai. Abin da na rubuta ne na kasa tunawa.

Ƙarya nake yi. Na tuna.

Na zauna a bakin baho har tsohuwa ta buga ƙofa tana tambaya ko na mutu ne.

Asabar, 21 ga Yuni

Na je gidan yari. Ban gaya wa kowa ba.

Ya rame, hannuwan nan nasa manya sun yi fari don rashin aiki. Abin da ya fara tambaya ƙofar makaranta ce, wai ko an shigar da ita ciki, ruwa zai sa ta tsatsa. Sannan ya ce, "Baba, me na yi wa tela? Kullum ina tunani. Ni na gyara masa ƙafar kekensa."

Na ce tela bai yi maka komai ba. Na gaya masa yadda aka yi, a tsaye, ta tsakanin ƙarafa.

Bai yi ihu ba. Na fi son da ya yi. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Don me?"

Na buɗe baki in yi masa bayanin yadda kotu ke son takarda, a taƙaice, ba kwana-kwana. Abin da ya fito shi ne, "Don ya yi kyau."

"Ya yi kyau," ya maimaita. Ya juya ya ce wa gandiroba ya gama.

Akwai wani dalilin, shi ma ban faɗa masa ba. An kashe mini abokin hira, ina son a kama wani. Ko wane ne. Shi ne dogon da ya fi kusa.

Talata, 24 ga Yuni

Na sami lauyar da gwamnati ta ba mai walda. Mace ce, fayil ya cika mata tebur har ƙasa. Ta saurare ni tana shan shayi, can ta ajiye kofin.

"Baba, ka san in ka faɗi wannan a gaban alƙali kai ma za a iya tuhumarka?"

Na ce mata ina ɗaukar rikodin kotu tun kafin ta yi haƙori. Ta ce, "Shi ya sa nake tambaya."

Na sa hannu a takardar rantsuwa. Na dawo gida na gaya wa tsohuwa. Na zaci za ta ce ai na faɗa maka. Ba ta ce ba. Ta ce, "Wace riga za ka sa in goge?"

Alhamis, 3 ga Yuli

Kotu. Zauren bai canza ba, fankar nan mai kuka tana nan. A teburin magatakarda wani ne zaune yana rubutu yana hamma. Ni ina cikin akwatin shaida.

Mai gabatar da ƙara ya ji daɗinsa da ni. "Malam, wato kana gaya wa kotu ka ƙirƙiri shaida?" Na ce ban ƙirƙira ba, na gyara. "Au, gyara. Tun yaushe kake wannan gyaran?" Na ce tun da na fara aiki. Aka yi ta gunaguni a zauren. Sufeto na zaune a layin gaba, bai ɗago kai ba ko sau ɗaya.

Sai aka kira tela. Ya karanto nasa tsaf, bai yi tuntuɓe ba. Lauyar ta bar shi ya gama, sannan ta je ta tsaya a bakin ƙofar zauren tare da mutum uku, ta ce ya nuna mata wanda ya sani a ciki. Ɗaya daga cikinsu surukinsa ne. Ya duba, ya duba. Ya cire hula ya goge fuska. Wani a baya ya yi dariya, sai kowa ya ɗauka. Ya juyo wajena ya ce, "Sakatare, gaya musu mana. Ai kai ka rubuta."

Ban taɓa ganin tsoho ya yi irin wannan kukan a gaban jama'a ba.

Alƙali ya ce shaidar ba ta isa a ci gaba da tsare mutum ba. Ya ba da belin mai walda, ya ce a sake bincike. Batuna kuma ya ce za a duba.

Juma'a, 4 ga Yuli

An ɗauke teburina daga baranda. Sawun ƙafafunsa huɗu ne kawai a kan siminti.

Ƙanwata ta kira. "Yaya, abin da za ka yi wa ɗanka ke nan? Shi da ya rufa maka asiri?" An aiko masa da takardar neman bayani daga sama. Na bar ta ta gama. Gaskiyarta ce.

Litinin, 7 ga Yuli

Ƙarar walda ta dawo layin. Na bi ta gabansa, ba da gangan ba. Ya gan ni, ya sauke gilashin a fuskarsa, ya ci gaba da aiki. Ban zaci wani abu daban ba.

Abin da ke damuna: in ba shi ba ne, to wani ne. Wata guda na ba wa wannan wanin kyauta. Yana nan yana yawo, ƙila ya gaishe ni yau da safe, ƙila yana cikin masu dariya a kotu. Duk dogon mutumin da ya ce mini "sannu Sakatare" sai na ji bayana ya yi sanyi. Kuma ko dogon ma ban tabbata ba.

Kemis na nan a kulle. Ba wanda ya gwada mini jini tun ranar.

Alhamis, 10 ga Yuli

Sun sa wa tela suna. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga murya, "Ƙarfe Biyu da Rabi, me ka gani yau?" Masu kawo ɗinki sun janye, wai wanda ya so a rataye maƙwabcinsa ba zai taɓa musu kaya ba. Ni ba wanda ya sa mini suna. Ni mai ilimi ne, nawa kuskure ne, nasa ƙarya. Mutanen garin nan ke nan.

Na kai masa wata tsohuwar riga ya sake mata aljihu. Ya karɓa bai dube ni ba. Bai share benci ba, na zauna haka. Ya yi ta neman ramin allura, zaren na gocewa, har na gaji da kallo na karɓa na zura masa.

Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Sakatare, tsakaninka da Allah. Me na gani ranar nan?"

Na ce ban sani ba, ba na wurin. Kai kake wurin.

"In na rufe ido shi nake gani. Ya ja ƙofa. Amma kuma..." Ya tsayar da keken. "Akwai lema. Ina jin akwai lema. Ko ranar Lahadi ce mai lemar?" Daga nan ya shiga batun yayyafi, ya koma kan matar da yadinta bai isa ba, ya fita ya shiga labarin yadda mai kemis ya taɓa ba shi maganin ido ya ƙi sawa don yana da zafi. Wannan ban taɓa ji ba. Ya ce marigayin ya bi shi har shago da kwalbar yana masa faɗa. Haka yake, haka yake yi.

Har la'asar. Babu kai babu gindi. Sau biyu wasu suka wuce suka yi kiran sunan nan, suka gan ni zaune, suka yi shiru.

Tsohuwa ta ce, "Ina ka shiga tun safe?" Na ce wurin tela. Ta ɗaga rigar da na bari jiya a kan igiya ta duba, ta ce, "Wace rigar ka kai? Duk aljihunanka lafiyarsu ƙalau." Na ce mata ta bar abin da bai shafe ta ba.

Tela bai gama ba. Aikin minti goma ne, amma mutumin ba ya gani, dole wani ya zura masa zare. Gobe zan koma.